Barka da Sallah daga Birmingham

Assalamu alaikum Umma,

Barkanku da Sallah. Allah ya karɓi ibadunmu, ya maimaita mana. A gaishe min da Baba da su Yaya da yaran gida, gaisuwa ta musamman ga Kaka.

Ɗazu muka sauko daga idi a filin Small Heath. Jama'a maƙil, 'yan Pakistan, 'yan Somaliya, Larabawa, da mu 'yan tsiraru masu atamfa a ƙarƙashin rigar sanyi. Yau ce fitar Ummi ta farko cikin taro tun da muka yi arba'in. Bargo biyu na naɗe ta da shi, har aka shafa addu'a ba ta farka ba.

Umma, hoton nan da kika turo min ta WhatsApp, na ranar sunana, ya hana ni barci daren jiya. Kaka na zaune a kan tabarma, hannunta jawur da lalle, ta rungume ni cikin farin shawul. Ke kuwa kina can gefe, rabin fuskarki ma mai hoto bai kama ba, kin sunkuyar da kai saboda kunyar 'yar fari. Na daɗe ina kallon wannan rabin fuskar. Sai yanzu da na haihu na san abin da kika danne a ranar.

Na ɗora wayar kusa da kan Ummi ina gwadawa. Kunnen dai na Kaka ne sak, har ɗan lanƙwasar nan ta sama. Goshin kuma naki ne. Babanta ya dage wai hancin na danginsu ne, na bar masa.

Na san idon Kaka ba ya ɗaukar hasken waya, shi ya sa na je aka wanke min hotuna 6 a takarda, manya. Wata maƙwabciyarmu za ta taho Kano mako mai zuwa, za ta kawo har gida. Alfarma ɗaya nake roƙo. Idan sun iso, Kaka ta sake sa kayan Sallarta, ta zauna a tsakar gida da hantsi, ta riƙe hoton takwararta a cinya. Ke kuma ki zauna a gefenta, kafaɗa da kafaɗa, ki ɗago ki kalli mai ɗauka. Don Allah Umma, wannan karon kada ki kau da kai. Ina so in haɗa shi da tsohon da namu na yau a bango ɗaya, Ummi ta tashi tana ganin inda ta fito. Ragon sunanta a ƙofar gidanmu aka yanka, ku kuka ci, ku kuka yi mata addu'a, amma har yau ba wanda ya ji nauyinta a hannu. Wannan yana ci min rai.

A ja kunnen yara, kada kowa ya sa hotunan a Facebook. Na gida ne.

An yi mata rajistar haihuwa, a Ingila kwana 42 suke bayarwa, yanzu fasfo muke jira. Da ya fito za mu sa ranar tahowa in sha Allahu. Kafin nan, gobe idan yara sun tafi kallon Hawan Daushe gida ya yi shiru, ki kara wa Kaka waya a baki ta yi wa tattaɓa-kunnenta waƙar reno irin wadda ta yi min. Zan riƙa kunna mata da dare.

Taku,
Maman Ummi