Godiya ga Kamfanin da Ya Buga Mana Littattafan Lambu da Girki

Zuwa ga editoci da sauran ma'aikata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, mun ga ya dace mu gode muku a bainar jama'a kan littattafanku na noman lambu ba da takin zamani ba, da na girka abin da lokaci ya kawo. Littattafai irin waɗannan sun yi yawa a kasuwa, amma galibinsu kirari suke yi wa lambu, ba sa faɗin awo. Naku sun faɗa.

Babin haɗa taki ya fi burge mu. Kun ce busasshen abu, irin su kara da ganye da kwali, kashi biyu zuwa uku, ɗanye, irin su ɗanyar ciyawa da ɓawon kayan lambu, kashi ɗaya, tsibin kuma ya kai mita 1 ta kowane gefe, in ba haka ba ba zai riƙe zafi ba. Zafin da ake nema digiri 55 zuwa 65 ne a ma'aunin Celsius, shi ke kashe irin ciyawa da ƙwayoyin cuta. Laima kuwa, a damƙi takin a matse: ɗigo ɗaya ko biyu ya isa. In ya yi warin ruɓaɓɓen ƙwai, ruwa ya yi yawa, iska ta yanke, sai a juya a ƙara busasshe. In warin fitsari ne, ɗanye ya rinjaya. Nan ne sabon shiga ke karaya ya watsar, ku kuwa kun nuna masa maganin.

Mun kuma ji daɗin gargaɗinku kan ɗanyen kashin dabbobi: bayan an zuba shi a lambu, a bar kwana 120 kafin girbin abin da ke taɓa ƙasa, kamar karas da latas, 90 ga sauran. Haka tunin cewa tumatir da barkono da dankalin Turawa dangi ɗaya ne, cutarsu ɗaya, kada su gaji juna a kunya guda sai bayan shekara 3 ko 4.

A littafin girki, ba ku yi sakaci da batun adana kaya a kwalba ba. Abin da ba shi da tsami sosai, irin koren wake, tafasa kawai ba ta kashe ƙwayar botulinum, mai haifar da guba mai kisa a cikin abinci; sai tukunyar matsin tururi da ke kai digiri 116. Wannan layi kaɗai zai iya ceton rai.

Roƙonmu ɗaya: jadawalin shuka ya dogara da watanni. A bugu na gaba, don Allah a gina shi kan zafin ƙasa da saukar ruwa, domin mai karatu a ko'ina ya amfana.

Allah ya saka da alheri, ya ƙara basira.

Naku,
Wasu masu koyar da aikin lambu