Amsa ga Malamar da ta tambaye ni: laifin Seita ne ko na gwaggonsa?

Assalamu alaikum Malama,

A taron marubuta kin tambaye ni a gaban jama'a: a fim ɗin katun na ƙasar Japan mai suna Hotaru no Haka, me ya kashe yarinyar nan Setsuko, girman kan yayanta Seita ko rowar gwaggonsu? Ga amsata.

Isao Takahata ne ya shirya fim ɗin a kamfanin Studio Ghibli, ya fito a 1988. Labarin na 1945 ne, lokacin da jiragen Amurka suka yi wa birnin Kobe ruwan bama-bamai masu tayar da gobara. Uwar yaran ta ƙone ta rasu, uban sojan ruwa ne, babu labarinsa. Seita mai shekara 14 ya goya ƙanwarsa 'yar shekara 4, suka koma wurin wata gwaggonsu ta nesa a Nishinomiya. Tufafin uwarsu aka musanya da shinkafa, amma in an zo rabo gwaggo ta kwashe wa 'yarta mai kauri, su kuma a zuba musu ruwa-ruwa, ga gori safe da yamma. Seita ya yi zuciya, ya ɗauki ƙanwarsa suka tare a wani kogon fakewa daga bam a bakin tafki. Yunwa ta gama da ita bayan Japan ta miƙa wuya, shi ma ya bi ta a watan Satumba, a tashar jirgin ƙasa ta Sannomiya.

Ban wanke Seita ba. Da ya haɗiye gorin, mai yiwuwa da sun rayu, Takahata kansa ya nuna cewa yaron ya yanke kansa daga jama'a. Amma Malama, ba zan ɗora yaro da babba a ma'auni ɗaya ba. Ranar da suka ɗaure kayansu gwaggo tana tsaye, ba ta ce "ku dawo" ba. Likita ya duba Setsuko ya ce abinci take buƙata, ya sallame su hannu wofi. Manomi ya kama Seita yana sata a gonarsa, ya lakaɗa masa duka ya kai shi wurin 'yan sanda. Kowannensu ya ga yarinyar nan da idonsa. Na yarda yaƙi ya matse kowa, amma ai maraya amana ne, ko a lokacin fari.

Akiyuki Nosaka, wanda ya rubuta asalin labarin a 1967, ƙanwarsa ce yunwa ta kashe a 1945, kuma ya rubuta shi ne don neman gafararta, domin ya ce ya ci abincin da ya kamata ya ba ta. Shi ma shekararsa 14 a lokacin. Yaro ne ya ɗauki laifin a kansa har tsufansa, abin da ya fi tsaya mini a rai ke nan.

Laifin na manyan ne, Malama, gwaggo a sahun gaba. In za ki nuna wa ɗalibanki fim ɗin, ki zauna tare da su, musamman waɗanda rikicin Borno ko na Zamfara ya raba da iyayensu suke zaune a hannun dangi.

Wassalam.