Wasiƙa kan ƙwayoyin haske da lissafin da ya gagari kwamfuta

Assalamu alaikum, abokina.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya tare da iyali. Shiruna ya yi tsawo saboda an ɗauke ni cikin rukunin binciken nan da na taɓa yi maka maganarsa, inda masana lissafi da masana fiziks suke aiki a ɗaki ɗaya. Kai da ka sha cewa lissafina ba zai kunna ko fitila ba, sai ka gyara zama, domin yanzu hasken ne kansa nake yi wa lissafi.

Matsalar da ta hana ni sakat ita ce wadda masana kimiyyar kwamfuta Aaronson da Arkhipov suka gabatar a 2011. Ana sakin ƙwayoyin haske, wato foton, cikin jerin madubai masu raba haske gida biyu, sannan a duba ƙofar da suka fito. Yiwuwar kowane sakamako tana rataye ne da wani adadi da ake cirowa daga jadawalin lambobi, ana ce masa famanent. Ka tuna ditaminant, wancan adadin da shi ma ake cirowa daga jadawalin lambobi, da malaminmu yake tsayar da mu a gaban allo mu warware? Shi ana tarawa ana ɗebewa, famanent kuwa tarawa ce zalla. Da wannan ɗan bambanci kwamfuta take gama ditaminant nan take, famanent kuma tun 1979 masanin kimiyyar kwamfuta Valiant ya tabbatar yana cikin lissafai masu tsananin wuya. Duk da haka haske yana ratsa madubai ya ba da sakamako bisa wannan ƙa'ida ba tare da ya tsaya ƙirga komai ba, kuma wallahi har yau abin yana girgiza ni.

A 2020 masu bincike a Hefei ta ƙasar Sin sun gwada wani nau'in wannan gwaji da na'urarsu Jiuzhang, suka gano foton har 76. Damuwata ita ce asarar haske, domin kowane madubi yana haɗiye wani abu, kuma idan asarar ta yi yawa sai kwamfuta ta yau da kullum ta iya kwaikwayon gwajin, fifikon na'urar ya rushe. Aikina shi ne gano inda iyakar take. A kan haka muke ta musu da mutanen ɗakin gwaji: ni ina neman hujjar da za ta tsaya komai yawan foton, su kuma suna so in faɗi abin da na'urar da ke gabansu za ta yi gobe. Ina ganin kowannenmu yana da gaskiya.

A nan nake buƙatarka, tunda zaren gilashi na intanet ne sana'arka. Na san mai kyau yana zubar da kusan rabin haskensa a kilomita 15, amma ka rubuto mini yadda kuke auna asarar da ake yi a mahaɗa, inda zare yake haɗuwa da zare, domin lissafina ya fi rauni a wurin.

Ka gaishe mini da uwargida da yara.

Naka har kullum.