Ba mai ɗora hoton Nilu ne abin tsoro ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Dan Allah a ba ni ɗan fili in amayar da abin da ya tsaya min a wuya tun satin da ya wuce. A majalisarmu ta nan Tudun Wada aka yi ta miƙa waya hannu zuwa hannu, hoton wani yaron unguwa ne da ke karatu a Masar, shi da abokansa cikin kwale-kwale a kogin Nilu da tsakar dare, ya ɗora a sitatus, to kafin a kira magariba an gama yanke masa hukunci, wai ya lalace, wai kuɗin ubansa yake ƙonawa, har wani dattijo na cewa gara a dawo da shi Samaru ya ƙarasa a ABU inda ido zai riƙa ganinsa. Ni dai na ja bakina na yi shiru don ba a musu da manya cikin taro, amma shekara biyar na yi a Alƙahira, na san abin da ke cikin hoton nan.

Alƙahira fa ba Zariya ba ce. Mu nan goma na yi, in ka cire masu shayi da 'yan tasha a Kwangila, gari ya yi tsit. Can kuwa, musamman da zafi, sai bayan isha'i gari ke farkawa, za ka ga magidanci da matarsa da jariri a kafaɗa suna shan iska a gadar Ƙasrun Nil sha biyun dare ana gasa musu masara. Kwale-kwalen nan faluka suke ce masa, karo-karo muke yi mu takwas ko goma mu hau na awa ɗaya ranar da aka gama jarabawa, abin da ke ciki bai wuce lemo da gyaɗa da musun ƙwallo ba.

Daren Juma'a kuma Husaini muke zuwa, wato unguwar masallacin Husaini da ke tsohuwar Alƙahira. Mu yi magariba a masallacin Azhar, mu tsallaka kasuwar Khan Khalili mu zauna a gidan shayin Fishawi mu sha shayi da na'ana'a, daga nan mu bi titin Mu'izz a ƙafa muna kallon gine-ginen da wasunsu sun haura shekara 700. Wallahi Larabcin da ya fisshe ni a ƙasar nan ba a aji na koye shi ba, a aji fusaha ake yi, wato Larabcin littafi, mai tasi kuwa in ka yi masa fusaha dariya zai yi ya ce maka sadaƙallahul azim, a wajen ciniki da yawon dare na iya yarensu. Da katin makaranta rabin kuɗi muke biya a dalar Giza da gidajen tarihi, Iskandariyya kuma jirgin ƙasa ne daga tashar Ramsis, awa uku ba ta cika ba ka isa, ka ci kifi a bakin teku ka leƙa ganuwar Ƙaitbai ka dawo ranar.

Wanda ba zan manta ba shi ne hawan Dutsen Sina'i. Shi ma ai yawon dare ne in ana neman abin zargi, don wajen ƙarfe biyu ake fara hawa da tocila saboda a riski fitowar rana a sama, mita 2,285, ƙarshensa matakala ce ta dutse kusan 750 wadda ta sa na tuna duk tuwon da na taɓa ci. Sanyi kuwa hunturun Zariya wasan yara ne, sai da muka yi hayar bargo wajen ƙauyawan Larabawan da ke saman, muka yi asuba a can haƙora na kaɗawa. Abin kunya, ni da na tashi ina hango Kufena kullum, ban taɓa hawansa ba sai da na dawo.

Ba wai ina cewa babu ɓarna ba ne, akwai ta sosai, kowane ɗalibi ya san titin Haram, hanyar zuwa dalar Giza, da gidajen rawar da ke jere a can. Amma Edita, wanda ke zuwa can ba ya ɗora hoto. Na zauna gida ɗaya a unguwar Hayyul Ashir da wani ɗan wata jiha, in ka duba Facebook ɗinsa sai jallabiya da ranar Juma'a da hoton littattafai, mahaifinsa har misali yake yi da shi. A dunƙule ake turo masa kuɗin makaranta da na haya da na abinci duk a hannunsa, wata biyu sun ƙare tsakanin kulob da Sharm, garin shaƙatawa na bakin teku, ya dawo yana cin bashin koshari, abincinsu mai arha na shinkafa da taliya, da aka karya darajar fam, kuɗin Masar, a Nuwamban 2016 kaya suka yi tashin gwauron zabi sai asirin ya fara fitowa a wajenmu, amma gida ba su sani ba. Shekara biyu bai yi rijista ba, iƙamarsa, wato izinin zamansa a ƙasar, ta mutu, ya koma ɓuya in ya hango ɗan sanda, uban bai farga ba sai da ya fara shirin walimar kammalawa. Mu ma muna da laifi, mun gani mun yi shiru wai kar a ce mun kai tsegumi.

Duk tsawon lokacin nan tambaya ɗaya ake masa a waya, ya karatu, ya ce alhamdulillah, shikenan. Ba wanda ya ce turo rasidin makaranta, ba wanda ya ce ɗauko min hoton shafin fasfonka mai iƙama, ba wanda ya riƙe lambar ko mutum ɗaya da suke gida tare. Kuma makarantu da yawa ana iya biyansu kai tsaye ba sai kuɗin sun bi ta aljihun yaro ba.

Shi yasa da majalisa ta watse na bi mahaifin yaron nan mai hoton Nilu har ƙofar gida, na ce Baba kar a yi saurin sayen tikiti, a fara tambayarsa takardun nan biyu. A gabana ya kira shi. Ko minti goma ba a yi ba suka shigo ta WhatsApp, rasidi da iƙama duk da ransu, har da ƙarin hoton faluka guda huɗu da ba a tambaya ba.

Naku,
Wani tsohon ɗalibin Masar,
Tudun Wada, Zariya