Yara masu nakasa a sansanin gudun hijira

Malam Edita,

Ana raba keken guragu a sansanoni ba tare da an auna yaran ba. Keken manya yana karkatar da bayan yaro, idan kuma babu matashin zama mai kyau, sai gyambo ya fito. Yaron da ba ya iya motsi, a riƙa juya shi duk awa 2, a miƙe masa gaɓoɓi kullum kada su sandare. Ƙafar roba kuwa a duba ta duk wata 6, domin yaro na girma, takan matse dungulmin har ya yi rauni. Mafi haɗari shi ne yankewar maganin farfaɗiya kwatsam, ciwon kan dawo da tsanani.

Muna roƙon hukumomi su sama wa kowane sansani ma'aikacin gashin ƙashi.

Naku,
Wasu ma'aikatan lafiya