Wasiƙa daga Kaduna kan kwamfutoci huɗu da rumbu ɗaya

Tudun Wada, Kaduna.

Aminina,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Mu nan hazo ya sauko, sanyin asuba har cikin ƙashi.

Ka tuna musunmu kan rumbun bayanan ɗalibai da ya yi mana nauyi a wurin aiki? Kai ka ce a sayi babbar kwamfuta guda. Kuɗin bai samu ba, sai na haɗa tsofaffi huɗu da waya. Kowacce da faifanta da ƙwaƙwalwarta, ba mai taɓa kayan wata. Tambaya in ta zo, a aika wa duka, kowacce ta duba kasonta na bayanan ta turo amsa. Saƙo kaɗai ke shiga tsakaninsu.

Dabarar ta daɗe. A kanta kamfanin Teradata ya gina injin rumbun bayanai mai suna DBC/1012 a 1984, masanin kwamfuta Michael Stonebraker ya kare ta a rubuce a 1986, wani masanin kuma, David DeWitt, ya jagoranci aikin Gamma, rumbun bayanai irin wannan, a Jami'ar Wisconsin ta Amurka, wanda daga baya aka ɗora kan injin Intel mai kwamfutoci 32.

Wurin rabo na sha wuya. Da harafin farkon suna na fara kasawa, sai Muhammad da Musa da Maryam da Mustafa suka taru a kwamfuta ta uku. Na dafa ta na ji zafi rau, fankarta na ta kuka, sauran ukun sun gama tuni. Amsa kuwa ba ta fita sai ta ƙarshe ta kammala. Na kwana biyu abin na cina a rai.

Yanzu da lambar rajista nake rabo: a raba ta da huɗu, abin da ya yi saura shi ke nuna kwamfutar da bayanan ɗalibi za su zauna. Sakamakon jarrabawa ma haka na kasa shi, don ya zauna tare da sunan mai shi. Ka ga in za a haɗa su, ba sai an yi ta jigilar bayanai ta waya ba, kuma jigilar nan ce ke cinye lokaci. Wallahi ranar da na ga fitilun huɗun suna ƙiftawa tare, daɗi ya kama ni.

Saura abu ɗaya da nake neman shawararka. In guda ta mutu, kasonta ya tafi. Ina tunanin kowacce ta ajiye wa maƙwabciyarta kwafi. Ya kake gani?

Ka gaida Hajiya da yara.

Naka,
Amininka