Wasiƙa daga bakin tafkin Nguru

Aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali, na samu saƙonka inda kake tambayar dalilin da ya sa bandar da Inna ta aika maka bana ta zo ƙanana. Na so in ba ka amsa a taƙaice, amma abin ya fi ƙarfin layi biyu, domin ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Makon jiya na bi Baffa a kwalekwale zuwa gaɓar da muke wanka muna yara. Wurin nan mai ruwa iya gwiwa, inda bado ke shimfiɗe, inda kifin bargi ke tattake ciyawa ya yi sheƙa zagayayya kamar faifai ya zuba ƙwai, yau doguwar ciyawar nan kacala ce ta rufe shi, ta fi tsayin mutum, sai da Baffa ya yi ta sara da lauje kafin muka samu hanyar wucewa. Ya ce mini kifi a tsakiyar tafki yake girma, amma a gefe ake haifarsa, domin a nan ne 'ya'yan karfasa da tarwaɗa ke samun abinci da maɓoya. Ciyawar gefen kuma ita ke tare laka kafin ta gangara cikin ruwa, ita ke riƙe ƙasa kada ta zaizaye.

Asalin matsalar daga saman kogi take. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, sannan ta Challawa a 1992, kogin Haɗeja ya daina bin tsohon tsarinsa na cika da damina da janyewa da rani. Ruwan da ake saki duk shekara ya hana magudanai bushewa, kacala ta samu abin da take so, ta toshe hanyoyi, har ruwa ya riƙa karkata ta magudanar Marma yana cinye gonakin mutanenmu. Cikin kacalar ne tsuntsun jan-baki ke kwana kafin ya far wa shinkafa, ga sauro, ga dodon koɗin da ke yaɗa tsargiya.

Sai dai ba zan ɗora wa madatsu laifin duka ba, mu ma da namu. Na ga manoman rani sun share ƙasa har bakin ruwa, suna wanke tankin feshi a cikin tafkin, na kuma ga samari suna jan gidan sauro a matsayin koma, suna kwashe kifin da bai kai ɗan yatsa ba. Ban tsane su ba, talauci ne, amma raina ya ɓaci.

Ka san an sa wannan yanki cikin jerin Ramsar, wato jerin dausayi masu muhimmanci a duniya, tun 2000, saboda tsuntsayen da ke tasowa daga Turai su yi hunturu a nan. Har yanzu suna zuwa, kirinjijiya da ɗinya ma suna nan, amma Baffa ya ce filin saukarsu na raguwa.

Masuntan unguwarmu za su zauna bayan sallar Juma'a a kan hana kamu a wuraren ƙwai, kuma sun nemi in rubuta musu takarda zuwa ga mai gari. Tunda ka fi ni sanin irin wannan rubutu, ka turo mini shawararka kafin Alhamis. Inna tana gaishe ka.

Naka amini